Na daskarar wa Baba kunun gyaɗa, matar ƙanena ta ji haushi

Assalamu alaikum Anti. Ni ma'aikaciya ce a Kaduna, ina da aure da yara uku. Mahaifinmu yana Zariya, ya haura shekara 80, yana zaune a gidansa tare da ƙanena da matarsa da 'ya'yansu ƙanana biyu. Wata takwas ke nan da rasuwar Innarmu, kuma tun daga lokacin Baba ya rage cin abinci sosai. Tuwo sai ya yi loma biyu ya ture kwanon. Abin da yake sha ya shanye kawai shi ne kunun gyaɗa mai shinkafa irin wanda Inna take dama masa, sai shinkafa da madara mai ɗumi, wani lokacin kastad. A cikinmu ni kaɗai na iya irin damun Inna, ga shi ba na samun zuwa sai sau biyu a wata, ranar Asabar. Sai na yi tunanin in riƙa damawa da yawa a gidana, in zuba a robobi, in daskarar, in kai, a riƙa ɗumama masa ɗaya kullum. Akwai firiza a gidan, amma akan yi kwana ɗaya ko fiye ba a kawo wuta ba. Na gwada sau ɗaya. Na kai roba goma, da na koma bayan mako biyu na tarar da bakwai suna nan, an ce mini kastad ɗin ya tsinke ya koma ruwa-ruwa. Matar ƙanena ta canza mini fuska, daga baya na ji ta ce wa mijinta wai na nuna wa duniya ba ta iya kula da surukinta ba. Wallahi ban nufi haka ba. Anti, kunu yana daskaruwa ba tare da ya cutar da tsoho ba? Kwana nawa zai iya yi? Kuma yaya zan yi da matar ƙanena? Ina tsoron in zuba ido Baba ya ci gaba da ramewa.

Ƙanwarki daga Kaduna

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya jiƙan Inna, ya haskaka kabarinta, ya ƙara wa Baba lafiya da nisan kwana, ke kuma ya saka miki da alheri. Macen da za ta dawo daga aiki, ta sallami yara uku, sannan ta tsaya tana tace gyaɗa domin mahaifinta ya samu abin da zai shiga cikinsa, ba ta yi abin da za ta ji kunyarsa ba. Ki fara ajiye wannan a ranki, domin a wasiƙarki na ji muryar wadda ta soma zargin kanta.

Inda na fi tsayawa a wasiƙar shi ne robobin nan bakwai. Na san abin da zuciya za ta raya miki: an ƙi ba shi ne saboda haushi. Zai iya yiwuwa, amma ba shi kaɗai ne dalilin da zai sa su rage ba. Wataƙila matar ƙanenki ta buɗe firiza bayan an kwana biyu ba wuta, ta taɓa roba ta ji ta yi laushi, ta ji tsoron ba tsoho abin da ba ta amince da shi ba. In haka ne, gaskiya ta yi, kuma godiya ta cancanta. Wataƙila kuma an ɗumama, Baba ya kurɓa ya ji ba ɗanɗanon da ya sani ba ne, ya ajiye. Akwai ma na uku, wanda tsofaffi masu kunya sukan yi: ya lura surukarsa ba ta ji daɗi ba, sai ya daina tambayar kunun don kada ya zama sanadin rigima tsakanin 'ya'yansa. Ba ki san wanne ne ba tukuna, saboda haka kada ki yanke hukunci kafin ki ji daga bakinsu.

Abu ɗaya kam na tabbata: robobin nan bakwai, in har suna nan kuma an yi ɗaukewar wuta mai tsawo a tsakani, a zubar da su. Kada a ba Baba, kada a ba yara. Na san zubar da abinci yana da nauyi a zuciyar duk wanda ya san darajar hatsi, ballantana a wannan tsadar. Amma kuɗin roba bakwai na kunu bai kai kuɗin kwana ɗaya a gadon asibiti ba.

Kin tambaya ko kunu yana daskaruwa lafiya. E, yana yi, amma da sharuɗɗa, kuma gara ki san dalilin kowane sharaɗi don kada ki ɗauke shi a matsayin tsanani. Sanyin firiza ba ya kashe ƙwayoyin cuta, kwantar da su kawai yake yi. Da zarar abinci ya narke sai su farka su ci gaba da hayayyafa daga inda suka tsaya. Sun fi yaɗuwa tsakanin digiri 5 da digiri 60 a ma'aunin Salshiyas, wato daga ɗan sanyin da bai kai na firji ba zuwa ɗumin da bai kai zafin gaske ba. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya take cewa kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye a ɗaki. A zafin bazara irin namu, watan Maris da Afirilu, ki mayar da shi awa 1. Firizar da ke aiki yadda ya kamata tana riƙe abinci a digiri 18 ƙasa da sifili, kuma a wannan sanyin babu abin da ke motsi.

Shinkafa tana da nata hatsarin na daban, ga shi biyu daga cikin abubuwa ukun da Baba yake so da ita ake yi. Akwai wata ƙwayar cuta da masana ke kira Bacillus cereus, wadda irinta yake tsira daga tafasa. In dafaffiyar shinkafa ta daɗe tana hucewa a tukunya, irin nan ya kan tsiro ya saki dafi a ciki, kuma wannan dafin ɗumamawa ba ta kashe shi, ko da an sake tafasawa. Ba ya wari, ba ya canza kala, sai dai a ga mutum yana amai bayan 'yan sa'o'i. Mu mun tashi da ɗumamen safe, da yawanmu har mun fi son sa a kan sabon tuwo, saboda haka maganar takan zo mana baƙuwa. Amma cikin ɗan shekara 25 ba ɗaya yake da na ɗan shekara 80 ba. Garkuwar jikin tsoho ta yi rauni, kuma amai da gudawa na yini guda sun isa su ƙarar masa da ruwan jiki su kwantar da shi, musamman wanda dama ya rame kamar Baba.

To in za ki daskarar, aikin yana farawa ne tun daga sauke tukunya. Kada ki bar ta a kan murhu ta huce da kanta kina wasu hidimomin. Ki tsoma gindinta a cikin baho mai ruwan sanyi, ki riƙa juyawa da ludayi, in ruwan ya ɗauki ɗumi ki canza. Sai ki rarraba a ƙananan robobi masu faɗi marasa zurfi, kowace daidai abin da Baba zai shanye a zama ɗaya, ki bar gurbi kamar faɗin yatsa a sama domin abu mai ruwa yana kumbura in ya daskare. Daga sauke tukunya zuwa shiga firiza kada ya wuce awa 1. Ki manna takarda a kan kowace roba ki rubuta ranar da kika dama da abin da ke ciki. Sukari da ruwan tsamiya ko lemon tsami kada ki zuba tukuna, a bari sai lokacin ɗumamawa, domin tsami yakan sa abu mai madara ya tsinke, kuma sukarin gara a auna shi gwargwadon abin da jikin Baba ke ɗauka. Ranar tafiya, sai sun daskare sun yi tauri kamar dutse za ki jera su a kula mai riƙe sanyi, ki cike gibin da ƙanƙara. Tsakanin Kaduna da Zariya kimanin kilomita 80 ne, kula mai kyau za ta kai su lafiya, muddin ba a bar ta a bayan mota cikin rana ana biya wa gidajen 'yan uwa ba. Gidan Baba za ki fara sauka, kuma daga mota sai firiza.

Ɗumamawa kuma a tukunya ta fi. A juye robar tana daskare, a zuba ɗan ruwa ko madara domin kunun shinkafa yana ƙara kauri in ya sha sanyi, a sa wuta kaɗan-kaɗan ana juyawa har ya narke duka ya tafasa, tsakiya da gefe, tururi yana tashi. Daga nan a sauke a bari ya huce daidai sha, mai bayarwa ya ɗanɗana kafin ya miƙa, domin tsofaffi sukan ƙona baki ba su ankara ba. In da na'urar ɗumama abinci ta lantarki za a yi, a tsaya a tsakiyar lokaci a juya, saboda takan ƙona gefe ta bar tsakiya da sanyi. Sau ɗaya tak ake ɗumamawa. Abin da Baba ya rage ba ya komawa firiza, ba ya jiran dare. Haka fulas: kunun da aka zuba da asuba ba na sha bayan isha'i ba ne, in an buɗe aka ji ya koma ɗumi-ɗumi, lokacinsa ya wuce.

Kwana nawa? A firizar da wuta ba ta yankewa, kunun gyaɗa da shinkafa da madara za su yi wata guda ba su rasa ɗanɗano sosai ba. Amma firizar gidan Baba ba irin wannan ba ce, kuma a nan ne shirinki yake da rauni. Firiza cikakkiya da ba a buɗewa tana iya riƙe daskarewa kusan awa 48 bayan ɗauke wuta, wadda ke rabi kuma kusan awa 24. Wannan lissafin na firizar da aka bari a rufe ne. Gidan da ke da yara ƙanana, ana buɗewa a ɗauki ruwan sanyi sau goma a yini, ga zafi, ba zai kai haka ba. Za ki iya taimaka mata ta hanyar cike gurbin da ya rage da gorunan ruwa su daskare, kuma a mayar da ruwan sha wani wuri dabam. Ga kuma wata dabara mai sauƙi: ki zuba ruwa rabin gora, ki kwantar da ita ta daskare a kwance, sannan ki tsayar da ita a kusa da robobin. Duk ranar da aka buɗe aka ga ƙanƙarar ta sauko ta taru a gindin gora, an san firizar ta narke ta sake kamawa, ko da ba wanda ya gani. A ranar, duk abin da ke da shinkafa ko madara ya tashi daga na Baba.

Kastad kuwa ki cire shi daga lissafin daskarewa gaba ɗaya. Ba kuskuren hannunki ba ne ya sa ya tsinke. Garin kastad sitacin masara ne da aka sa wa kala da ƙamshi, kuma dafaffen sitaci in ya daskare ya narke yakan saki ruwan da ya riƙe, ya koma gudaji-gudaji. Abin da ke ɗaukar minti biyar da tafasasshen ruwa bai cancanci wuri a firiza ba. Kunun gero ma, na tsamiya ko koko, haka yake yi in an daskarar da shi a dame. Gasararsa ce take jure sanyi, a ɗebo a dama sabo. In kina son ki bar wa Baba wani abu mai laushi da ke daskaruwa da kyau, alala tana yi, a turara ta a madambaci ta dawo kamar yanzu aka sauke, ga ta da gina jiki. Kek marar kirim ma yana yi, a yanka shi gunduwa-gunduwa, a ɗumama ɗaya a zuba masa sabon kastad ko madara mai ɗumi a kai don ya yi taushi.

Duk wannan na faɗa miki ne don kin tambaya, kuma yana da kyau ki sani. Amma in shawarata kike nema, da ni ce da ban dogara da firiza ba. Ki duba kunun gyaɗa da kyau: ina wahalarsa take? Tana wajen tsince gyaɗa, da ɗan gasa ta, da murje ɓawon, da kai markaɗe, da wanke shinkafa a shanya a niƙa. Damun kansa bai fi minti goma sha biyar ba. To ki ɗauke wahalar ke, ki bar damun a gidan Baba. Markaɗaɗɗiyar gyaɗa wadda ruwa bai taɓa ba tana yin makonni a cikin mazubi mai murfi a wuri mai inuwa, in dai da busasshen cokali ake ɗiba. Garin shinkafa da madarar gari su ma ba ruwansu da wuta. Ki auna su ƙulli-ƙulli, kowane ƙulli na damu ɗaya, yadda mai damawa ba sai ta yi ta kintace ba. Wajen tsince gyaɗar kada ki yi sauri: duk wadda ta yi fumfuna, ko ta yanƙwane, ko ta canza kala, ki fitar da ita, domin irin wannan gyaɗar takan ɗauki dafin da ke illa ga hanta, kuma dafuwa ba ta kawar da shi. Da wannan tsarin Baba zai sha kunu sabo kullum, ko an kawo wuta ko ba a kawo ba, ƙamshinsa ya cika gidan kamar da. Firiza sai ta zama ta ko-ta-kwana, roba biyu ko uku don ranar da mai damawa ba ta da lafiya ko ta yi tafiya.

Kin ga ke nan maganar ta dawo kan matar ƙanenki, domin ita ce za ta dama. Ina so ki zauna ki kalli abin daga inda take tsaye. Wata takwas tana dafa wa surukinta sau uku a rana, tana ɗauko kwano kusan yadda ta kai shi. Tana da yara biyu ƙanana. Da wuya a ce akwai wanda ya taɓa ce mata sannu a kan wannan, domin a wurinmu hidimar suruki abu ne da ake ɗauka dole ne. Ta san dangi suna ganin ramar Baba, kuma ta san wa za a fara kallo. Ana cikin haka sai ga yayar miji ta sauko daga Kaduna da kula cike da robobi, ta jera su a firizarta ba tare da an yi shawara da ita ba. Ke kin kawo kunu ne, ita kuwa abin da ta gani shi ne shaida a gaban kowa cewa girkinta ya gaza. Ba ki nufi haka ba, na yarda. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma madafin nan yanzu nata ne, ko da a cikinsa kika girma.

Ba na cewa ta yi daidai da ta kai ƙara wajen miji maimakon ta yi miki magana. Sai dai ki tuna ke ce babba, kuma matar ƙane ba ta da fuskar da za ta tari yayar mijinta ta ce kin ɓata mini rai. Saboda haka ke za ki buɗe ƙofar. Kada ki yi ta waya, kada ki aika ƙanenki. Asabar mai zuwa ki je hannu ba robobi, ki riƙe mata ɗan abin da nata ne ita kaɗai, turmin atamfa ko turare, gwargwadon hali. Ki same ta a ɗakinta ku biyu, ki ce mata wani abu kamar haka: "Maman yara, na zo in ba ki haƙuri. Na kawo kunun nan ban yi shawara da ke ba, kuma ke ce kike tare da Baba dare da rana. Duk cikinmu ba wanda yake yi masa abin da kike yi. Ki gaya mini, me kika lura yana ci, me yake ƙi?" Sai ki yi shiru ki saurara, ko da abin da za ta faɗa ya ɗan sosa miki rai. A nan ne za ki ji labarin robobi bakwai ɗin, kuma ina kyautata zaton za ki ji abubuwa game da mahaifinki da ba ki sani ba: lokacin da ya fi jin yunwa, ko yana tari in yana sha, ko yana kwana ba barci.

In fuska ta saki, ki roƙe ta ku shiga madafi tare ku dama. Kada ki tsaya a kanta kamar malama, ki ce mata ga yadda Inna take yi, kina so sirrin ya zauna a gidan da aka saba yin sa. Ki nuna mata kaurin da Baba yake so, da lokacin da ake zuba tsamiya, da ko Inna tana barin ƙwayar shinkafa ta fito ko tana dama ta ta narke. Sannan ki bar ta ita ta kai masa da hannunta. In ya shanye, yabon nata ne, kuma ki faɗa a gaban mijinta. Na san akwai ɗan zafi a nan. Damun Inna shi ne gadon da ke hannunki ke kaɗai, kuma miƙa shi ga wata kamar sake rabuwa da ita ne. Ki bar kanki ki ji wannan zafin, ba laifi ba ne. Amma sau biyu a wata kike zuwa, Baba kuwa kullum yake buƙatar karyawa.

Zai iya faruwa ta ƙi, ko ta karɓa da baki aiki ya gagara saboda yara da hidima. In haka ta kasance kada ki mayar da shi faɗa. Ƙanenki ma ɗa ne, hakkin mahaifi yana wuyansa kafin ya hau wuyan matarsa, kuma babu abin da zai hana namiji ya koyi dama kunu na minti goma sha biyar saboda ubansa. Ki yi masa maganar a keɓe, ba da sigar ƙorafi a kan matarsa ba. In shi ma fitar sassafe yake yi, ku duba cikin dangi ko maƙwabta, wata gwaggo ko wata dattijuwa da Baba ya saba da ita, ku haɗa kuɗi ku 'ya'yansa ku riƙa yi mata ihsani a wata tana damawa da safe. Ko da wannan za a yi, da sanin matar gidan za a yi shi. Kuma in kuna da hali, ɗaukar mai taya ta aiki ko da na rabin yini ne zai iya gyara abin da dogon bayani bai gyara ba, domin wani lokacin gajiya ce take fitowa da kamar fushi.

Saura Baba, wanda duk muke magana a kansa ba mu tambaye shi ba. Tsohon da ya haura 80 ya yi wata takwas yana ramewa yana buƙatar ganin likita, ko kunu ya samu ko bai samu ba. Ki sa a kai shi a auna nauyinsa, a duba jininsa da sukarinsa da hawan jini, a duba bakinsa. Sau da yawa abin da ke sa tsoho ya ture tuwo ya karɓi kunu haƙori ne ke ciwo, ko dasashi, ko haɗiya ce take yi masa wuya. In yana ƙwarewa ko tari lokacin sha, ko muryarsa tana canzawa bayan ya haɗiye, ku gaya wa likita wannan musamman. Ku tafi da duk magungunan da yake sha a leda ɗaya, domin wasu suna kashe sha'awar abinci ko su busar da baki. Sakamakon gwajin sukari shi zai nuna muku yawan zaƙin da za a riƙa sa masa, kuma zuma ma zaƙi ce, ba mafita ba ce ga mai ciwon sukari. Kunu da madara suna riƙe ciki, gyaɗa tana da maiƙo da abin gina jiki, amma su kaɗai ba za su ishe shi ba. A riƙa haɗa masa da dafaffen ƙwai, da alala, da faten wake ko na dankali mai laushi, da ayaba ko gwanda, kaɗan-kaɗan sau biyar ko shida a yini maimakon babban kwano sau uku da zai kalla ya karaya. Ruwan sha ma a riƙa miƙa masa ba sai ya nema ba, saboda tsofaffi ba su cika jin ƙishirwa ba.

Akwai kuma abin da awon asibiti ba zai nuna ba. Mutumin da ya yi shekaru masu yawa mace ɗaya tana ajiye masa kwano ta zauna kusa tana yi masa hira, yau an ajiye masa kwano an fita. Ba mamaki abin da yake nema a kunun gyaɗar nan ya wuce gyaɗa da shinkafa. Na ga haka a gidanmu: wata tsohuwa tamu bayan rasuwar mijinta ba ta taɓa abinci in an kai mata ɗaki, amma in jikoki suka zauna a tabarmarta da nasu kwanon sai ta ci ba ta sani ba. Ku gwada wannan. Ƙanenki ya riƙa karyawa tare da shi kafin ya fita, jikokinsa su sha nasu kunun a gabansa, in yana da aboki a unguwa da suke zuwa masallaci tare a riƙa gayyato shi. Ke kuma ki sa wa kanki lokaci, ko minti biyar ne, ki kira waya daidai lokacin karyawarsa. In kuka ga baƙin cikin ya yi nauyi, ya daina fita, ya daina magana, yana yawan cewa shi ma ya gaji, wannan ma ku faɗa wa likita, domin damuwa ciwo ce kuma ana maganinta ko a tsufa.

Ranar Asabar ɗin, bayan kin gama da matar ƙanenki, ki shiga wajen Baba ki zauna a ƙasa kusa da shi, ki tambaye shi kai tsaye: "Baba, kunun da na kawo kwanaki, kun ji daɗinsa kuwa? Me kuke sha'awa a riƙa yi muku?" Zai iya ce miki ya fi son mai ruwa-ruwa, ko ya fi son sa da yamma, ko ya ambaci wani abincin Inna da duk kun manta da shi. Ki rubuta abin da ya faɗa, ki auna ƙullin gyaɗa da garin shinkafa na kwana 14, ku sa ranar zuwa asibiti ke da ƙanenki kafin ki kama hanyar Kaduna. In kin koma bayan mako biyu, ki sake rubuto mini in ji yadda jikin nasa yake. Ki gaishe mini da Baba da Maman yara.